Yadda Za Ka Daidaita Wutar Janaretan Iska Da Ka Haɗa Da Hannunka

Janaretan iska mai maganaɗisu ba shi da ƙarfin wuta tsayayye. Gwargwadon saurin jujjuyawarsa, gwargwadon bolt ɗin da zai fitar: idan ya ninka gudu, bolt ya ninka. Ita kuma iska ba ta da alƙawari, yanzu ta lafa, anjima ta taso. Abin da ya fi tsanani shi ne idan saurin iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta ninkawa yake sau takwas. Shi ya sa fankar da ke ba ka bolt 9 da hantsi za ta iya ba ka bolt 50 lokacin da hadari ya taso da la'asar, ta ƙona duk abin da ka jona mata kai tsaye.

Kafin ka taɓa waya ko ɗaya, ka riƙe wannan: ba a daidaita wutar janaretan iska ta hanyar yanke ta. A sola, idan batir ya cika sai kwantirola ta katse farantin, ba abin da zai same shi. Fankar iska kuwa, wutar da ake ja daga jikinta ita ce ke riƙe ta. Ka katse wayar ana tsakiyar iska, ta zama ba mai riƙe ta, ta yi ta ƙara gudu har fuka-fukai su tsage ko kwayil (naɗin wayar da ke cikin janareta) da diyod (ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) su mutu saboda hauhawar bolt. Manyan injina irin na tashar iska ta Lambar Rimi a Jihar Katsina suna da na'urar karkata fuka-fukansu don rage ƙarfin da suke kamawa. Taka ta gida ba ta da wannan. Don haka aikin kashi biyu ne: batir ya riƙe bolt a wuri ɗaya, sannan idan ya ƙoshi a samar wa rarar wutar inda za ta zuba. Kamar tankin ruwa ne da famfonsa ba ya rufuwa, dole a yi masa bututun fitar da rara.

Zan yi amfani da misali ɗaya har ƙarshe: fanka mai faɗin mita 2, tsarin bolt 12, wadda ke iya ba da kusan wat 400 a iska mai ƙarfi.

Da farko, auna janaretan tun yana ƙasa

Mutane da yawa suna tsallake wannan matakin, su kafa sanda, sannan su fara mamakin me ya sa batir ba ya caji. Ɗaure janaretan a kan benci, ka juya shi da injin huda, ka sa mita a kan wayoyinsa ba tare da ka jona komai ba. Rubuta bolt nawa yake bayarwa a gudu kaza. Idan ba ka da na'urar auna gudu, duba adadin da aka rubuta a jikin injin hudar, zai ba ka kimantawa.

Abin da kake nema shi ne gudun da wutar za ta fara wuce ta batir, domin kafin nan ko ɗigo ba ya shiga. Fanka mai fuka-fukai uku da aka sassaƙa da kyau, bakin fiffikenta yana gudu kamar sau shida na saurin iska. A faɗin mita 2, wannan na nufin zagaye kusan 170 a minti idan iska na tafiyar mita 3 a daƙiƙa, da kusan 570 idan ta kai mita 10. Saboda haka kana son janaretan da zai kai bolt 13 zuwa 14 na DC a wajen zagaye 170 zuwa 200. Kuma lissafin ya nuna maka wani abu: wannan janaretan, idan ba a jona shi da komai ba, a zagaye 570 zai kai wajen bolt 40 ko fiye, kuma da yake ba abin da ke riƙe shi zai wuce wannan gudun nesa ba kusa ba.

Idan bolt ɗin ya yi ƙasa, kuma janaretan mai waya uku ne, duba yadda aka haɗa kwayil ɗin. Haɗin tauraro, inda kai ɗaya na kowane kwayil ke haɗuwa wuri ɗaya, yana ba da bolt sau 1.73 na haɗin delta, inda ƙarshen kowane kwayil ke jone da farkon na gaba, a gudu ɗaya. Moton da ke cikin tayar keken lantarki yana aiki sosai a nan, domin maganaɗisunsa na dindindin ne kuma an yi shi don ƙaramin gudu. Altanaton mota kuwa ba na ba da shawararsa. Sai ya kai zagaye dubu ko fiye kafin ya fara caji, yana cin wuta don kunna maganaɗisunsa, kuma regiletarsa tana aiki ne ta rage jan wuta idan batir ya cika, wato daidai abin da muke gudu.

Mayar da AC zuwa DC

Janareta mai waya uku AC yake fitarwa, batir kuwa DC yake ci. Kana buƙatar rektifaya, wato na'urar da ke mayar da AC zuwa DC, mai diyod shida. Akwai ta a dunƙule a shagunan kayan lantarki, ko ka haɗa ƙananan gadojin diyod guda biyu ko uku. Sayi wadda ta ninka buƙatarka: ga amfiya 28 da muke tsammani (wat 400 a raba da bolt 14.4), ɗauki ta amfiya 50 zuwa 100, mai jure bolt ɗari da yawa. Kullum wutar tana ratsa diyod biyu, kowanne yana cin kusan bolt 0.7 ko sama da haka, wato a amfiya 28 akwai zafin wat 40 zuwa 50 a jikinta. Ɗaure ta a faffaɗan farantin alminiyam mai haƙarƙari, ka shafa man isar da zafi a tsakani. Rektifayar da aka bari tana lilo a iska ba faranti, ranar da aka yi babbar iska ranar za ta mutu.

Idan moton DC mai burushi ka yi amfani da shi, diyod ɗaya babba ya isa, don kada batir ya mayar da wuta ya riƙa juya fankar.

Ajiye rektifayar a ƙasa kusa da batir, inda hannunka zai kai. Kuma kada ka yi rowar waya. Tazarar mita 20, zuwa da dawowa mita 40 ke nan, da wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i 6, tana zubar da kusan bolt 3 a amfiya 25. Da mai kaurin 16, asarar ta dawo kusan bolt 1. Idan sandarka tana nesa da ɗakin batir, tun farko ka yi tunanin tsarin bolt 24, domin amfiya za ta ragu da rabi, asarar waya ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Birki

Kafin rektifaya, a kan wayoyin AC uku, sa makunni mai kauri wanda idan ka danna zai haɗe wayoyin uku wuri ɗaya. Janareta mai maganaɗisu idan aka haɗe wayoyinsa nauyi yake yi ƙwarai, fankar ta dawo tana rarrafe. Gwada da hannu a kan benci za ka ji yadda yake cijewa. Birkin nan a ɓangaren janareta kawai ake sa shi. Ka haɗe wayoyin ɓangaren batir, gobara ka tayar.

Ka riƙa danna shi kafin iska ta yi ƙarfi. Wasu janaretocin ba sa iya tsayar da fanka idan ta riga ta ɗauki gudu, sai kwayil ya yi ta zafi har ya ƙone. Wanda ya san hadarin farkon damina a Arewa, wanda ke yaye kwanon rufi, ya san cewa da ganin gabas ta yi baƙi lokacin tsayar da fanka ya yi.

Batir shi ne mai riƙe bolt

Fitar rektifaya kai tsaye take zuwa batir, ta hanyar fis. Da zarar an jona, janaretan ba shi da ikon haura bolt ɗin batir sosai. Ƙarin iska sai ya zama ƙarin amfiya, bolt kuwa ya tsaya tsakanin 12 da 14 da wani abu. Rabin aikin daidaitawa ya ƙare a nan.

Amma sai batirin ya isa. Batir mai ruwa yana son cajin da bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na girmansa ba, saboda haka fankar da ke iya turo amfiya 28 tana son batir mai Ah 200 ko kusa da haka. Ka ba ta ƙaramin batirin babur, bolt zai yi tsalle da kowace kaɗawar iska, ruwan batir ya tafasa. Fis ɗin ya zauna dab da kan batir na +, kuma ya fi mafi girman amfiyar fankar, misali na 50 ko 60, domin fis da ya tsinke ana iska daidai yake da cire waya.

Mazubar rara: a nan ake yawan kuskure

Batir mai ruwa na bolt 12 yana cika a wajen bolt 14.4 idan zafin wurin digiri 25 ne. Daga nan duk abin da aka ƙara masa ruwansa yake cinyewa, yana fitar da iskar haidurojin, farantansa suna lalacewa. To a nan ake buƙatar mazubar rara, wato wani abu mai cin wuta da za a kunna idan bolt ya kai iyaka, a kashe idan ya sauka.

Girmansa lissafi ne mai sauƙi. Dole ya iya shanye duk abin da fankar za ta iya bayarwa. Raba bolt da amfiya: 14.4 a raba da 29, wato ɗan sama da amfiya 28 ɗin fankar, ya ba da kusan rabin om, ma'aunin girman rezista. Rezista huɗu masu om 2, a haɗa su kafaɗa da kafaɗa, wato duk kawunansu na dama wuri ɗaya, na hagu wuri ɗaya, sun ba da om 0.5. Za su ja amfiya 28.8, kimanin wat 415, kowace tana ɗaukar wat 104. Sayi masu jure wat 200 ko 300 kowace, irin dogayen nan masu kama da bututun tangaran da aka naɗe da waya. Idan fankarka tana wuce wat 400 a guguwa, ƙara ta biyar. Amfanin guda huɗu a kan guda ɗaya babba shi ne ko ɗaya ta tsinke, saura suna riƙe da fankar.

Abu biyu ne mutane ke saurin ɗauka, kuma duka ba sa yi. Na farko hitar ruwa ta wutar gida. Hita mai wat 1000 da aka yi don bolt 230 tana da kusan om 53. Ka ba ta bolt 14.4, abin da za ta ja bai kai sulusin amfiya ɗaya ba, wat 4 kacal. Sunanta hita, amma a tsarinka ba ta cin komai. Idan kana son rarar ta dafa maka ruwa, wanda tunani ne mai kyau musamman da hunturu, nemi hitar da aka yi don DC bolt 12, kuma ka tabbata ba ta taɓa zama ba ruwa. Na biyu ƙwan fitilar mota. Yana ci, amma yana jan wuta mai yawa a lokacin kunnawa, kuma kunna-kashe na kashe shi da wuri. Ranar da ya mutu ba wanda zai sani sai batir ya kumbura.

Rezistocin nan zafi suke yi na gaske, har su ƙona fata. Kafa su a jikin bangon siminti ko farantin ƙarfe, da tazara daga bango, nesa da katako, labule da jarkar fetur, inda yara ba sa kaiwa. Kada su zauna a saman batir ko cikin akwati ɗaya da shi.

Kwantirolar da za ta kunna mazubar

Idan da hali, sayi kwantirola mai tsarin karkatar da rara. Morningstar TriStar TS-45 da TS-60 suna da shi, haka Xantrex C40. Irin waɗannan ba kunnawa da kashewa kawai suke yi ba, suna yanka rarar daidai gwargwado sau da yawa a daƙiƙa, sai bolt ya tsaya cak, batir ya cika da kyau. Ƙa'idarsu ita ce amfiyar mazubar ta fi ta fankar, amma kada ta wuce abin da kwantirolar ke ɗauka, domin idan ta wuce kwantirolar za ta kare kanta ta katse, a bar batir ba mai tsaro. Kwantirolar sola ta yau da kullum kuwa kada ka sa ta tsakanin fanka da batir ko da mai shago ya rantse maka.

Wanda ya iya riƙe ƙarfen soda zai iya haɗa tasa da kayan da ake samu wajen masu gyaran inbata. Kayan su ne LM393 ɗaya (mai kwatanta bolt biyu), TL431 ɗaya, mosfet IRF3205 guda biyu (makunnin lantarki da zai riƙa kunna mazubar), diyod ɗin zena mai bolt 12, da 'yan rezistoci.

TL431 ita ce ma'auni. Haɗa ƙafarta ta ref da ta katod, ka ba su wuta daga + na batir ta rezista 4.7k, anod ya tafi −. A wannan mahaɗar za ka sami bolt 2.5 da ba ya motsi. Kai shi ƙafa ta 2 ta LM393. Ƙafa ta 8 ta tafi +, ta 4 ta tafi −. Sai ka yi marabar bolt: rezista 47k daga +, rezista 10k zuwa −, mahaɗarsu ta shiga ƙafa ta 3, da ƙaramar kafasita 100nF daga nan zuwa − don tace hayaniya. Ƙafa ta 1 ita ce mafita. Ba ta iya tura wuta da kanta, don haka ja ta zuwa + da rezista 2.2k, ka sa zenar daga nan zuwa − don kare ƙofar mosfet, sannan ka kai ta ƙofar kowane mosfet ta rezista om 100.

Saura abu ɗaya da in babu shi da'irar za ta yi ta karkarwa: rezista 680k daga ƙafa ta 1 zuwa ƙafa ta 3. Ita ke sa tazara tsakanin kunnawa da kashewa. Da waɗannan adadin, mazubar za ta kunnu a wajen bolt 14.4, ta mutu a wajen 13.6. Rezistocin kasuwa ba sa cika daidai, saboda haka ya fi kyau a maimakon 47k ka sa 43k haɗe da 'yar rezistar murɗawa ta 5k a jere, ka sami damar saitawa daga kusan 13.4 zuwa 14.6.

Mazubar tana zama tsakanin + na batir da ƙafar diren ta mosfet, ƙafar sos ta tafi − da waya mai kauri. Mosfet ɗaya zai iya ɗaukar amfiya 29 a takarda, amma zai yi zafi. Biyu a haɗe, kowanne bai fi wat 2 zuwa 3 zai zubar ba, a kan ƙaramin faranti. Sa diyod mai ƙarfi a juye a kan mazubar, kan da ke da zobe yana kallon +, domin rezistar da aka naɗe da waya tana harbin bolt idan aka katse ta. Ana iya amfani da rile na mota a madadin mosfet, sai dai a ranar iska zai yi ta ƙwanƙwasawa har bakinsa ya ƙone ko ya manne. Ni mosfet na fi yarda da shi. A kula da jabu, suna da yawa a kasuwa, kuma alamarsu zafi fiye da kima a ƙaramar amfiya.

Saita ta a kan benci. Sa ƙaramin ƙwan mota a gurbin mazubar, ka ba da'irar wuta daga na'urar da ake iya murɗa bolt ɗinta, mita na jone. Ɗaga a hankali har ƙwan ya kama, rubuta adadin. Sauke a hankali har ya mutu, rubuta. Maimaita har sai adadin ya zauna. Wayoyin da ke auna bolt su tafi kan batir kai tsaye, su kaɗai, kada su bi ta wayar da ke ɗauke da amfiyar mazubar.

Zafin gari yana canza lissafin. Batir mai ruwa na bolt 12 yana son a rage masa kusan bolt 0.03 a kan kowane digiri sama da 25. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri, inda ɗakin batir ke kai digiri 40, wannan ragin ya kusa rabin bolt, wato iyakar ta dawo wajen 14.0. Wanda ya bar ta a 14.4 a watan Afrilu zai ga yana ƙara ruwan batir ba ƙaƙƙautawa. Batirin jel da sauran rufaffu sun fi rashin haƙuri da wuce iyaka, bi adadin da aka rubuta a jikinsu.

Masu batirin litiyam na LiFePO4 su yi hattara ninki biyu. Na'urar kariya ta BMS da ke cikinsa tana katse caji da kanta idan ya cika, galibi a wajen bolt 14.6, ko ma kafin nan idan sel ɗaya ya riga saura cika. Ta katse, fankarka ta rasa mai riƙe ta, bolt ya hau kan duk abin da ke layin. Saita mazubar ta kunnu a 13.8 zuwa 14.0, ta yadda BMS ba za ta taɓa samun dalilin katsewa ba. Idan kuma akwai sola a kan batir ɗaya, sa iyakar kwantirolar sola ta zama ƙasa kaɗan da ta mazubar, in ba haka ba mazubar za ta riƙa shan wutar sola har ta rasa wurin ta iska.

Wutar da za ka yi amfani da ita

Fitila, rediyo, cajin waya da inbata duk daga batir za su sha, kowanne da fis ɗinsa. Idan na'ura tana son bolt 12 cif ko bolt 5, sa ƙaramar na'urar rage bolt tsakaninta da batir. Kada ka jona irin su 7812 ko LM2596 kai tsaye a bakin rektifaya ba batir. Ta farko iyakarta bolt 35, ta biyu 40, kuma mun ga fankar tana wuce haka. Ka kuma kiyaye kada batir mai ruwa ya riƙa sauka ƙasa da kusan bolt 12 yana hutawa, wato rabin cajinsa.

Wutsiya mai naɗewa

Duk abin da ke sama lantarki ne, kuma akwai iskar da ta fi ƙarfin lantarki. Maganinta a jikin ƙarfen yake. A kafa janaretan ɗan gefe da tsakiyar sandar da yake juyawa a kai, wutsiyar kuma a rataye ta a kan maƙalar da aka karkata. A iska ta yau da kullum nauyin wutsiya yana riƙe fankar tana fuskantar iska. Idan iska ta wuce kima, sai ta ture fankar gefe, wutsiyar ta ɗaga ta naɗe. Wutsiya mai nauyi tana jinkirta naɗewa, mara nauyi tana gaggauta ta. Fara da mara nauyi, ka riƙa ƙara ƙarfe kaɗan-kaɗan kana duban amfiya, har ta riƙa kaucewa kafin wutar ta wuce abin da mazubarka ke iya shanyewa. Sandar kuma a haɗa ta da ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa saboda tsawa.

Ranar haɗawa

Zaɓi ranar da iska ta lafa. Danna birki. Jona kwantirola da mazubar a batir, ka tabbatar da mita cewa + da − ba su juye ba. Jona rektifaya a batir ta fis. Daga ƙarshe ka jona wayoyin janareta, ka ɗaga sanda, ka saki birki. In za ka kwance, birki ne farko, batir ne ƙarshe.

A makon farko ka sa ido a ranar da batir ya cika kuma ana iska. Mita ya nuna bolt yana hawa zuwa iyakar da ka saita, ya sauka, ya sake hawa, rezistoci suna ɗumi. Idan ya wuce bolt 15 kuma rezistoci sun yi zafi, mazubar ta yi ƙanƙanta, ƙara mata rezista. Idan ya wuce kuma suna da sanyi, kwantirolar ba ta kunnawa, danna birki nan take ka bincika. Idan suna da zafi alhali batir yana 12.5, mosfet ya mutu a haɗe yana zuƙe maka batir, cire shi ka canza. Bayan an yi iska mai ƙarfi, tsayar da fankar ka taɓa kowace mahaɗar waya da bayan yatsa. Wadda ka ji ta yi ɗumi ba ta ɗauru ba, sake matse ta. Ƙurar hunturu tana toshe haƙarƙarin farantin sanyaya, a riƙa kakkaɓe ta, ruwan batir kuma a duba shi duk wata a cika da tataccen ruwa.